Tankin Kwamfaresa Mai Tsatsa da Yoyo: Abin da Mai Faci da Maƙwabtansa Ya Kamata Su Sani



Ni ba injiniya ba ne. Ɗan mai sayar da shanu ne, a kara na tashi, karatuna kuma a sakandare ya tsaya. Amma akwai abin da na gani da idona a bara, wanda ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

A bakin karar da mahaifina ke sana'a akwai wani dattijo mai faci, kowa Baba yake ce masa. Duk tirelar da ta sauke shanu, kafin ta juya Arewa sai ta tsaya wurinsa an duba tayoyi. Rumfarsa ce majalisarmu, ga benci biyu, ga mai shayi a gefe. Injin iskarsa irin wanda kowa ya sani ne: injin fetur da bel da kan famfo, an ɗora su a kan tanki mai ƙafafun taya. Wata rana da damina ya lura tankin ba ya riƙe iska. Ya leƙa ƙasa, sai ga ɗan rami kamar hudar allura yana fesa jan ruwa. Ya kai wa mai walda, aka ɗora masa ƙarfe kamar tafin hannu, aka shafa fenti. Duk muka ce madalla. Ni da bakina na ce masa aikin ya yi kyau.

Ba a yi wata biyu ba, da hantsi, yaronsa na ba tayar tirela iska, sai muka ji ƙara kamar an harba bindigar toka a kunne. Shanu suka firgita suka yi ta tsinka igiya. Facin na nan daram bai motsa ba, ƙarfen da ke gefensa ne ya yage, tankin ya buɗe kamar gwangwanin kifi. Injin ya tashi sama ya bugi kwanon rumfa ya dawo. Yaron ya karye a ƙauri, kuma har yau kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Ni kuwa 'yan mintuna kafin nan a kan bencin nake zaune, mahaifina ne ya aiko a kira ni in raka wani mai saye.

Bayan haka na yi ta tambaya. Na zauna da wani dattijo da ya daɗe yana aikin injina a masana'anta, na karanta ɗan littafin da ke zuwa da sabon inji, na kuma leƙa cikin tankin Baba da hasken waya. Abin da na tattara shi ne na rubuta a nan, domin masu faci, masu fenti, masu gyaran bodi, kafintoci, masu wankin mota, da duk wanda ke zama kusa da su.

Magana a taƙaice

In iska na fita daga noti, ko tiyo, ko geji, ko bawul, wannan gyara ne, kuma mai sauƙi. In kuwa daga jikin tankin take fita, ko daga layin waldar da ya zo da ita, to tankin ya gama aiki. Ba a yi masa walda, ba a liƙa masa gam, ba a murɗa masa sukuru. A sauke iskar, a huda shi, a sayar a matsayin gwangwan. In wannan kaɗai ka riƙe daga rubutun nan, ya isa.

Me ke cikin tankin?

Da yawa muna raina iska saboda ba ma ganinta. Duba gejin injinka, za ka ga lamba iri biyu: bar da PSI. Bar 1 daidai yake da PSI 14.5. Ƙananan injina galibi suna tsayawa a bar 8, wato kusan PSI 116. Manya masu kai biyu suna kaiwa bar 10 zuwa 12.

Ma'anar bar 8 ita ce, duk ɗan wuri mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya, kamar girman farcen yatsa, iskar na tura shi da nauyin kusan kilo 8. Ɗauki tanki mai faɗin santimita 40. Murfinsa guda ɗaya yana ɗauke da nauyin kusan kilo 10,000, wato tan 10. In ka ƙaddara bijimi mai kilo 400, to kamar bijimai 25 ne suka taru suna tura murfin nan daga ciki. Abin da ke tare su kuwa ƙarfe ne da kaurinsa a ƙananan tankuna bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, tun yana sabo ke nan.

Sannan iska ba kamar ruwa take ba. Ita matsewa take yi, ta jira ranar da za ta samu hanya. Tanki mai lita 100 a bar 8 yana ɗauke da iskar da a fili za ta cika lita 900. In ƙarfen ya yage, a ƙiftawar ido take komawa girmanta. Ƙarfin da ke fita a lokacin ya kai kusan na ƙaramar mota mai tan ɗaya da ke gudun kilomita 50 a awa ta daki bango. Shi ne ke ɗaga inji sama, ya kuma watsa guntayen ƙarfe.

Daga ina tsatsar ke zuwa?

Daga ciki take farawa, shi ya sa take yaudarar mutane. Tanki zai iya zama fes a waje, fenti na sheƙi, ciki kuwa ya ruɓe.

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ruwa. A zafin digiri 30, lita 1,000 ta iska iyakar abin da za ta iya riƙewa kusan giram 30 ne na ruwa. A Legas, Fatakwal, Warri da Kalaba, laimar iska da damina takan wuce kashi 80 cikin 100, wato kusan giram 24 a kowace lita 1,000. Kafin inji ya kai bar 8 sai ya cusa iska ninki tara a wuri guda. Ruwan ninki taran nan ba zai samu wurin zama a cikin iskar ba, don haka da ta huce sai mafi yawansa ya sauko ya kwanta a ƙasan tanki. In ka yi lissafi, injin da ke zuƙar lita 200 a minti zai iya tara kusan rubu'in lita a awa ɗaya ta aiki. Awa biyu ke nan ledar fiya wata guda.

Nan ne bambancin Kudu da gida yake. A Kano ko Sakkwato lokacin hunturu laimar kan sauka ƙasa da kashi 20, ka buɗe bawul ɗin ƙasa da ƙyar ka ga ɗigo. Wanda ya koyi sana'a can, ya saba zubar da ruwa sai ya tuna, in ya zo nan da wannan al'adar zai kashe tankinsa da wuri. Ga kuma iskar gishiri ga waɗanda ke kusa da teku, irin su Apapa da Ijora, tana cin ƙarfen ta waje. Ga ambaliya da ruwan kwata da ke taruwa a ƙarƙashin rumfa.

Ruwan nan yana haɗuwa da ɗan man inji da ƙura ya zama taɓo, ya kwanta a ƙasa. A tankin kwance yana bin layi ɗaya daga wannan kai zuwa wancan. A tankin tsaye yana taruwa a gindi. Kuma akwai wani abu da dattijon nan ya nuna mini: a tanki mai siffar ganga, ƙarfin da ke son tsaga shi a tsawonsa ya ninka wanda ke son cire murfinsa sau biyu. Ka ga ke nan, layin da tsatsa ta fi ci shi ne kuma layin da iskar ta fi ƙarfin tsagawa. Shi ya sa tankin Baba ya yage a tsawo.

Yadda za ka gane inda yoyon yake

Da farko ka duba tankin babu iska a ciki, inji a kashe. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ma ka ƙara ba shi iska don gwaji:

- rami a ƙasa, ko da kamar na allura ne;
- fenti ya kumbura ko ya yi ƙuraje a ƙasan tanki;
- jan zane na tsatsa yana gangarowa daga wuri guda, ko wurin kullum a jiƙe;
- tsagewa a inda aka liƙa ƙafafu, ko farantin da inji ke zaune a kai, domin girgiza tana tsaga waɗannan wuraren;
- lotsawa mai zurfi, ko tsohon faci;
- ɓawon tsatsa yana fitowa da ruwa in ka buɗe bawul ɗin ƙasa, ko kana jin ƙarar tsakuwa in ka girgiza tankin.

In babu ko ɗaya, to ka ba shi iska kaɗan, kamar bar 2, ka kashe injin. Ka kaɗa garin sabulu a ruwa, ka shafa da soso a kan kowane noti, gindin geji, bawul ɗin ƙasa, bawul ɗin kariya da makanikai ke ce wa sefti, bakin tiyo, da layukan walda. Inda kumfa ke tasowa nan ne yoyon. Kada ka cusa kanka ƙarƙashin tankin don ka gani. Yi amfani da madubi ko kyamarar waya.

In kumfar a wurin murɗawa take, sauke iskar duka, ka kwance, ka naɗa farin tef na masu gyaran famfo, ko ka canza abin. In inji mai lantarki ne, kuma iska na ci gaba da fita ta wajen makunnin otomatik bayan ya tsaya, yawanci bawul ɗin da ke hana iska komawa ne ya lalace, shi ma canzawa ake yi. Duk waɗannan ƙananan kuɗi ne. Amma in kumfar daga jikin ƙarfen take, magana ta ƙare.

In ka gano jikin tankin ne, yi wannan nan take

1. Kashe injin. In na lantarki ne cire filogi, kada otomatik ya sake tayar da shi.
2. Ka ce wa mutane su matsa nesa, musamman yara.
3. Sauke iskar ta tiyo, ko ka ja zoben sefti, kana tsaye a gefe, har geji ya koma sifiri.
4. Kada ka buga shi, kada ka ja shi, kada ka karkata shi da iska a ciki.
5. Buɗe bawul ɗin ƙasa ka bar shi a buɗe. Geji yana iya yin ƙarya, don haka sai ka ji shiru kafin ka yarda babu iska.
6. Cire bel ko filogin inji, don kada yaron shago ya tayar da shi bayan ka fita.

Me ya sa ba a yi masa walda?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi, kuma na san dalili. Tanki kuɗi ne, walda kuwa 'yan canji. Amma ga abin da ke faruwa.

Ramin da ka gani ba shi ne ciwon ba, alamarsa ce. Wurin ne kawai tsatsa ta fara ɓullowa. Lokacin da na haska cikin tankin Baba, ƙasan duk ramuka ne jere kamar saƙar zuma, wani wurin ƙarfen bai fi kaurin gwangwanin madara ba. In ka toshe rami ɗaya, sauran wurin na nan yadda yake. Abin da ka yi kawai shi ne ka rufe bakin da ke gaya maka gaskiya, ka kuma ba tankin damar sake cika har bar 8.

Na biyu, zafin walda yana sauya ƙarfen da ke kewaye da ita. Facin ya yi kauri ya yi tauri, gefensa kuma siriri ne mai rauni. Duk lokacin da tanki ya cika ya sauka, ƙarfen yana ɗan buɗewa yana komawa, sau da yawa a rana. A iyakar facin nan ne tsagewa ke farawa.

Na uku, akwai man inji da tururinsa a ciki. Wuta a kan rufaffen tanki mai mai a ciki haɗari ne ga mai waldar kansa.

Gam mai haɗi biyu, sukuru da roba, da guntun tif da aka ɗaure da waya, duk hukuncinsu ɗaya. Littattafan da ke zuwa da injinan nan suna faɗa ƙarara cewa kada a yi wa tanki walda, kada a huda shi, kada a sauya masa komai, in ya yi yoyo a canza shi. A manyan masana'antu akan gyara manyan tankuna, amma ƙwararrun da aka tantance ne ke yi, da lissafi, da gwaji bayan an gama. Kuɗin wannan aikin ya fi kuɗin ƙaramin tanki sabo. Ba raini ba ne ga masu waldarmu, akwai gwanaye a cikinsu. Ko gwanin gwanaye ba zai mayar da ƙarfen da tsatsa ta cinye ba.

Gwaji na gaskiya

In tankinka ya tsufa amma bai fara yoyo ba, kana son sanin halinsa, hanya uku ce.

Ta farko, leƙawa. Babu iska a ciki, ka kwance babban noti da ke jikin tankin, ka haska da waya. Jan launi sama sama ba abin tsoro ba ne, kusan kowane tanki yana da shi. Ramuka da ɓawo mai kauri su ne matsala.

Ta biyu, na'urar auna kaurin ƙarfe da sauti, wadda ake ɗorawa a waje ta nuna milimita nawa suka rage. Kamfanonin da ke duba tankuna a garuruwan masana'antu suna da ita.

Ta uku, gwajin ruwa. A cika tanki da ruwa fal, ba a bar iska ko kaɗan ba, sannan a matsa da famfon hannu har ninki 1.3 zuwa 1.5 na ƙarfin da aka rubuta masa. Da yake ruwa ba ya matsewa, in tankin ya gaza tsagewa kawai zai yi ruwa ya zuba. Wannan aikin wanda ya iya ne, ba na koyo a bakin titi ba. Abin da ba a yi har abada shi ne gwada tanki da iska, wato a tayar da inji a ce bari mu ga ko zai riƙe.

Ko a doka ma maganar tana nan. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987, wadda Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke kula da ita, ta tanadi cewa tankin iska ya kasance da bawul ɗin kariya, da geji, da wurin zubar da ruwa, a rubuta iyakar ƙarfinsa a jiki, kuma a riƙa duba shi lokaci lokaci. Ba lalle wani jami'i ya zo rumfarka ba, amma ƙa'idar don ranka aka yi ta.

Yadda ake rabuwa da tankin

Ba duka injin ne ya mutu ba. Injin fetur ko motar lantarki, kan famfo, bel, geji, duk suna da amfani. Kwance su ka ɗora a kan wani tankin mai lafiya, wanda ƙarfin da aka rubuta masa bai gaza na famfon ba. Ka sa masa sabon sefti da ya dace da shi.

Shi kuwa tsohon, kada ka sayar da shi a yadda yake. Cire duk notuna, ka wanke cikinsa da ruwa da sabulu saboda mai, sannan ka yi masa manyan huda ko ka yanka shi biyu. In ka bar shi cikakke, wani zai saya, ya yi masa faci da fenti, ya sayar wa ɗan uwanka a wata unguwa. Wanda aka yanka a tsawo, in an wanke shi sosai an goge bakinsa, yana yin kwamin abincin dabbobi ko murhun gashi.

Ina kira na musamman ga 'yan uwanmu 'yan gwangwan, domin yawancin tankunan kwandem ta hannunku suke bi. In mai faci ya zo neman tanki a wurinku, kun kuma san mai yoyo ne, ku gaya masa. Ribar da ke tsakanin kuɗin kilo da kuɗin tanki ba ta kai ƙafar mutum ba.

In za ka sayi na hannu

Araha ba ta ado. Kafin ka biya, duba waɗannan:

- Farantin da ke jikin tanki. A nan ake rubuta shekarar ƙira, yawan lita, da iyakar ƙarfin iska. Na Turai kan zo da alamar CE, na Amurka da tambarin ASME. Tankin da ba shi da faranti, ba ka san iyakarsa ba.
- Sabon fenti a kan tsohon tanki, musamman a ƙasa. Shafa hannu ka ji ko akwai tudun faci.
- Buɗe bawul ɗin ƙasa a gaban mai sayarwa. In ya ƙi buɗuwa, alama ce an daɗe ba a taɓa shi ba.
- Ka ce a kwance noti ka leƙa ciki. In ya hana, ka kama gabanka.
- Babu iska a ciki, ƙwanƙwasa ƙasan da ƙaramar guduma a hankali, ka kwatanta da sama. Inda sautin ya mutu akwai taɓo ko rauni.

Ka guji tankin haɗe haɗe: tukunyar dumama ruwa, ganga, bututun roba, ko tsohuwar tukunyar gas da aka huda aka yi wa walda. Tukunyar gas ba ta da wurin zubar da ruwa, kuma hudata da wuta wani haɗarin ne daban.

Kula ta kullum

- Zubar da ruwa kowace yamma in an tashi aiki. Da damina, in aiki ya yi yawa, sau biyu. Rage iskar zuwa bar 1 ko 2 tukuna, ka buɗe a hankali, fuskarka a gefe. In ba ya zuba daidai ƙasa, karkata tankin bayan iskar ta ƙare.
- In ka buɗe ba abin da ya fito, kada ka ce babu ruwa. A Kudu da wuya hakan ta faru. Tsatsa ce ta toshe bakin. Sauke iska duka, ka kwance bawul ɗin ka share.
- Kada ka kwana da iska a ciki. Bar bawul ɗin ƙasa a buɗe har safe.
- Ja zoben sefti lokaci lokaci ka ji yana fitar da iska yana komawa. In ya maƙale, canza shi ranar.
- Gejin da allurarsa ba ta komawa sifiri, ko gilashinsa ya fashe, canza shi.
- Ɗora injin a kan katako ko bulo, a inuwa, inda ruwan sama da na kwata ba sa taɓa shi. Sa roba a ƙarƙashin ƙafafu don rage girgiza.
- Kada a zauna a kan tanki, kada a jingina da shi. Ka nisanta shi da benci, da wurin salla, da teburin mai shayi.

Tayar tirela da ɗaure sefti

Wannan ya shafe mu 'yan kara kai tsaye. Tayar ƙaramar mota PSI 30 zuwa 35 take sha. Tayar tirela kuwa tana neman PSI 100 zuwa 120. Inji mai iyakar bar 8 da ƙyar yake cika ta, ga direba a tsaye yana cewa a yi sauri dare zai yi masa a hanya. Sai ka ga an ɗaure sefti da waya, ko an cire shi an toshe da noti, ko an murɗa otomatik sama. Daga baya muka gano seftin Baba ma a ɗaure yake. Yawancin injinan fetur na bakin titi ba su da abin da ke kashe su in tanki ya cika, don haka in ka ɗaure sefti ka cire birki na ƙarshe. In aikinka na manyan motoci ne, ka tara kuɗi ka sayi inji mai kai biyu da tankin da aka ƙera don bar 11 ko 12.

Direbobi kuma, tankunan iskar birki da ke ƙarƙashin motarku su ma suna tara ruwa, kuma suna da nasu bawul ɗin a ƙasa. Ku riƙa zubarwa.

In abin ya riga ya faru

Kashe injin, ka kula da fetur da ya zube. Kira 112, a Legas kuma akwai 767. Inda jini ke zuba, danna da tsumma mai tsabta, kada ka saki. In ƙarfe ya shige jiki, kada ka zare shi. Kada a zuba baƙin mai, man birki, toka ko ƙasa a rauni. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi da garaje. In ƙashi ya huda fata, asibiti za a fara zuwa, ba wurin mai ɗori ba. Kada a ɗiga komai a kunne. Duk wanda ke kusa, ko ba a ga rauni a jikinsa ba, in yana jin jiri, ciwon ƙirji, ciwon ciki ko ƙarar kunne, a kai shi a duba. A kuma tambayi likita maganar allurar tetanus.

Ga maƙwabta da shugabanni

Ranar da abin ya faru, ba Baba ne ya ji ciwo ba, yaron da iyayensa suka ba shi amana ne. Ni ma da na zauna minti biyar a kan bencin nan, da wani ne ke ba da labarina. Saboda haka maganar ba ta mai inji kaɗai ba ce. In ka ga ruwa na ɗiga daga jikin tankin maƙwabcinka, ko faci a ƙasansa, ka yi masa magana cikin mutunci, a keɓe. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, daga Agege da Alaba Rago zuwa Sabon Ibadan, Shagamu, Lokpanta da Ama Hausa a Owerri, za su iya sa wannan cikin abin da ake dubawa a kasuwa. Inda mai faci ba shi da halin sabon tanki, adashi ko gudummawar masu motocin da yake yi wa aiki za ta iya ɗauke masa. Haka muka yi wa Baba: mahaifina da wasu dillalai suka haɗa, aka saya masa tanki mai faranti, aka kuma biya kuɗin asibitin yaron.

Yanzu kullum da magariba, kafin ya rufe rumfa, za ka ji yana zubar da ruwan tanki, bencinmu kuma ya koma can gindin bishiya. Tsohon tankin yana nan a bayan kara, an raba shi biyu, awaki na cin dusa a ciki. Wanda ke shakka ya zo ya ga kaurin ƙasansa.

Allah Ya tsare mu, Ya ba mu sa'a a nemanmu, Ya mai da mu gida lafiya.